Rijiyar Ardo Juli

Kwanan baya na ji wasu samari a bakin rijiyar unguwarmu suna cewa ba su ga abin da ake yabon masu haƙa a kai ba, wai rami ne kawai, duk mai ƙarfi zai iya. Na yi dariya na wuce, don mai maganar na san shi, ko ramin shuka ya yi guda ashirin sai ya nemi inuwa. Amma tun da ba su kaɗai ke wannan tunani ba, bari in gaya muku yadda sana'ar take, ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina shiga cikin ƙasa ina fitowa. Sunana Mamman, a Dakoro kuwa in ka ce Mamman Mai Dagi ba sai an yi maka kwatancen gida ba.

A hannun Baba Kane na koyi aiki, wani dattijo gajere mai faɗan tsiya, Allah ya jiƙansa. Shekara guda cur bai bar ni na sa ƙafa cikin rijiya ba. Tufkar igiya nake yi, da jiƙa wasaki, wato babban gugan fatar shanu da ake fito da ƙasa a ciki, da kai dagi maƙera a gyara masa baki. In na kawo igiya sai ya bi ta taƙi-taƙi da yatsunsa, in ya sami wuri guda da ya yi laushi ya jefo mini ita a fuska, ya ce in je in rataya kaina da ita tukuna in gani ko za ta ɗauke ni. Kayan aikin ba su da yawa: dagi, ƙaramar hauya mai gajeriyar ƙota, wasaki, igiya, jigo biyu da itace a gicciye, sai takarkari mai ja. Bango kuma da itacen ƙirya ake ɗaure shi, a cusa gamba a baya don kada rairayi ya zubo. Kafin kowa ya sauka ana zura fitila, in ta mutu a hanya to iskar ciki ta lalace, babu mai shiga. Zurfi da gaba muke auna shi, faɗin hannu biyu a buɗe, kuma a ƙasarmu ta arewa rijiya mai gaba talatin ba abin mamaki ba ce.

Wannan duk za ka iya koyo a shekara uku in kana da kai. Abin da ya fi wuya shi ne abin da ke sama, ba na ƙasa ba. Baba Kane kafin ya sara ƙasa ya riga ya san hatsin da mutanensa za su ci, ya san ranar da itace zai iso, ya san wanda zai canji wani in ya gaji. In mai rijiya ya tambaye shi yaushe za a gama, sai ya yi ta tambayarsa shi ma: ina kuke shan ruwa yanzu, mutum nawa, dabba nawa, ruwan zai kai ku yaushe? Ni a lokacin ina ganin surutun tsufa ne kawai. Ina cewa a raina mu an kira mu haƙa, ina ruwanmu da inda suke sha.

Na kama gashin kaina 'yan shekaru bayan ƙasa ta sami mulkin kai. Aiki ya buɗe a lokacin, sababbin ƙauyuka na tsirowa, manoma na matsawa arewa, makiyaya na zuwa biro, wato ofishin hukuma, neman takardar izinin rijiya. Ina da mutum huɗu a hannuna, babbansu Nomau, wanda ya girme ni amma bai taɓa raina umarnina ba. Na haƙa rijiya tara a jere babu wadda ta rufta, daga Ajekoriya har ƙauyukan gabas. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya yi girma, har tafiyata ta canza.

Ta goma ita ce ta Ardo Juli, kuma ita ce nake son ku saurara. A shekarar nan damina ta ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye yana cikin fidda kai. Bayan ɗan abin da aka girba, Ardo ya zo ƙofar gidana. Bafillace ne dogo siriri, shugaban wata ruga da ke tafiyar rabin yini arewa da Dakoro, yana da garken jajayen shanu masu dogon ƙaho da ake labarinsu a kasuwa. Ya ce yana son rijiya a wani kwari kusa da rugarsa, don tabkin da suke sha ba ya kai su damina. Na je na duba kwarin, na ga itatuwan da suka fito a wurin, na ɗanɗana ƙasar, na ce wata biyu. Ya ce to, madalla. Bai ƙara kalma guda ba. Tabkin kuwa yana bayan wani tudun rairayi, ko tafiyar sa'a guda bai kai ba daga inda muka kafa jigo. Ban je na gan shi ba. Na yi lissafi da shekara mai kyau, inda ruwansa ke kaiwa har bakin bazara.

Gaba goma sha biyar na farko kamar wasa muka yi su, jigawa ce mai laushi sai ɗan yumɓu. Ana cikin haka Alhaji Illa ya aiko a kira ni. Shi babban ɗan kasuwar hatsi ne, kamyonsa, wato babbar motar kayansa, na zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Najeriya, kuma ya gina sabon zango a bakin gari inda raƙuma ke sauke kaya. Rijiya yake so a zangon, kuma jiya yake son ta ba yau ba. Aikin cikin gari, ga inuwa, ga tuwo daga gidan Alhaji, ga suna. Na raba mutanena, na tura Nomau da wani can, muka rage mu uku a wurin Ardo. To mutum uku a rijiya ba rabin aiki suke yi ba, ƙasa da haka ne, don ɗaya na ciki, ɗaya na baki, ɗaya na jan takarkari, babu mai hutawa balle ya canji wani.

Ga inda na fi yin wauta. Alhaji Illa sau uku yake aiko mutum a yini, a tambayi ina aka kai, me ya sa ba a wuce nan ba, ina Mamman ya shiga. Ardo kuwa bayan kwana uku ko huɗu zai zo, sanda a kafaɗa, ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaishe mu da gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya ɗan dubi tarin ƙasar da muka fitar, ya yi sallama ya tafi. Ko leƙa ramin bai taɓa yi ba. Ni kuma na saba da Hausawa 'yan'uwana, wanda duk ya yi shiru to ya gamsu ne. Sai na mayar da hankalina wurin mai hayaniya, ina kwana biyu a gari ina kwana biyu a daji.

A gaba na ashirin da uku dagi ya yi ƙara ya dawo mini a hannu. Mun tarar da fa, dutse shimfiɗaɗɗe wanda ya rufe gindin ramin gaba ɗaya. Muka yi ta sara, bakin dagi na lanƙwashewa, abin da muke fitarwa a yini bai cika ƙwarya ba. Da Ardo ya zo, ni na fara cewa saura kaɗan in Allah ya yarda. Ba ƙarya na shirya yi masa ba, haka bakinmu ya saba, mai sana'a ba ya son a ji ya ce aiki ya gagare shi. Ya ce to. Bayan kwana huɗu na sake faɗa masa haka, ya sake cewa to. Kwana ashirin muka yi a kan wannan gaisuwa.

Ran wata kasuwar Dakoro na kawo dagi maƙera, sai na ga Inna Dudu, uwargidan Ardo, zaune a layin masu nono da 'yar ƙwarya wadda ko rabin ta da ba ta kai ba. Muna wasa da ita, don haka na tsokane ta na ce ko rowa ta koya a wurin mutanen gari. Ba ta yi dariya ba.

"Mai Dagi, saniyar da ka shan laka mi za ta ba ni?" in ji ta. "Kai dai ba ka taɓa zuwa ka ga tabkin ba, ko?"

Ta gaya mini ƙannen Ardo sun kwashe shanunsu sun yi kudu tun kusan kwana ashirin, wajen wata rijiyar danginsu a ƙasar Sabon Maci. Sun roƙe shi ya bi su ya ƙi, ya ce Bahaushe ya ce wata biyu, kuma ya ce saura kaɗan. Na ce to me ya hana shi tambayata? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce a wurinsu babban mutum ba ya tambayar babban mutum ko maganarsa na nan, zagi ne, kuma ba ya nuna yana cikin matsi ko da wuƙa na wuyansa. Zuwan da yake yi yana tsugunawa, ita ce tambayar. Kunya ta rufe ni a tsakiyar kasuwa.

Washegari da sassafe na haura tudun. Abin da na gani ba tabki ba ne, busasshiyar laka ce ta tsattsage ko'ina, sai ɗan koren ruwa a tsakiya kamar faɗin masussuka. Na kafa kara a bakin ruwan, na dawo kashegari na auna yadda ya ja baya. In duk garken na sha, kwana goma sha biyu ya rage. Na zauna na yi lissafin nawa ɓangaren ba tare da na yi wa kaina daɗin baki ba. Na taɓa jin Baba Kane na cewa fan wannan yanki ba ya wuce gaba biyu, ruwa kuma na ƙarƙashinsa da gaba uku ko huɗu. Ko da mutanena sun cika, ko da komai ya tafi daidai, kwana ashirin da biyar nake bukata.

Na tafi rugar kai tsaye. Na sami Ardo a gindin wata aduwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na ce:

"Ardo, na zo in warware maganata. Ba saura kaɗan ba ne. Dutse munka iske, kwana ashirin da biyar nika so, tabkinka kuwa sha biyu gare shi. Na raba mutanena na kai wani aiki, kuma ban hwaɗa maka ba. Laihina ne."

Ya ɗauki tsinke ya yi zane a ƙasa. Sannan ya ce, a hankali kamar yadda yake komai, "Da ka kawo wagga magana kwana ashirin da sunka wuce, da duk sun iya tahiya."

Nan na fahimci abin da shirun nawa ya ci. Tafiyar kwana huɗu ce zuwa rijiyar dangin, babu ruwan kirki a hanya. Shanu masu ƙarfi za su kai. Masu shayarwa da maruƙa da tsofaffi kuwa sun riga sun rame, in aka kora su a hanya za su zube. Muka zaga garken tare yana nunawa da sanda, wannan ta tafi, wannan ta zauna. Kusan talatin suka rage. Cikinsu akwai wata tsohuwar jar saniya mai ƙaho kamar buɗaɗɗen hannu, ya tsaya a kanta ya shafa wuyanta, ya ce jikar saniyar da ubansa ya ba shi ce ran sunansa, rabin garken nan daga tsatsonta suka fito. 'Ya'yansa suka kora sauran kudu tun kafin rana ta yi zafi kashegari.

Akwai maganar da ta fi wannan nauyi, ita ma sai da na faɗa. Fa ba ya fasuwa da dagi kaɗai. Wuta ake hura masa da busasshen kashin shanu har ya yi ja, sannan a kwara ruwa ya tsage. Ruwan kuwa babu inda zai fito sai tabkin nan, wato duk salkar da na zuba wa dutse daga bakin saniya na ɗauke ta. Ardo ya ɗago kai ya ce, "Salka nawa?" Tambayar farko ke nan da ya taɓa yi mini. Na ce biyu a kowace wuta. Ya ce a ɗiba. Ni kuma na yi masa alkawarin kowace la'asar zan zo da ƙafata in gaya masa abin da aka yi, mai daɗi ko marar daɗi, ba sai ya zo ya tsuguna ba.

Daga nan na wuce gari wurin Alhaji Illa. Ban aika ba, da kaina na je, na same shi a kan buhunan gero ana awo. Na ce zan janye mutanena wata guda, na gaya masa dalili, na sa masa ranar da zan dawo. Ya tashi tsaye.

"Ni za ka bar ma rami tsakar zango, raƙuman mutane na kai da kawowa? Don shanun daji?"

Na ce zan rufe bakin da itace in kewaye da ƙaya kafin in tafi, kuma ruwansa na gari bai yanke ba, nasu kuwa ya kusa. Ya yi faɗa har masu awo suka tsaya suna kallo, daga ƙarshe ya ce in ranar ta wuce kada in sake taka masa zango. Na dawo a ranar da na ce, na gama masa rijiya mai kyau wadda har yau ake sha. Amma bai sake ba ni aiki ba har ya bar duniya, kuma ban ga laifinsa ba, don shi ma na karɓi aikinsa ne alhali hannuna a cike yake.

Aikin da muka yi a kwanakin nan, ban taɓa tsara wani kamarsa ba. Dagi biyu na sa, ɗaya na ciki ɗaya na hanyar maƙera a kan jaki. Itacen ƙiryar da za a bukata ƙarƙashin dutse na sa aka saro aka jere tun ba mu fasa ba. Da asuba a zura wuta, da hantsi a kwara ruwa, sannan a yi ta zura tabarma ana jawowa don a kori mugun hayaƙi, sai fitila ta sauka ta dawo da ranta mutum ya shiga. Wata rana fitilar ta mutu sau uku a jere. Nomau ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce shi zai shiga haka nan, shanu na mutuwa muna wasa da fitila. Na riƙe igiyar na ce in ya sauka sai dai ya sauka da ni a kansa. Muka yi asarar rabin yini, kuma da la'asar na je na gaya wa Ardo mun yi asarar rabin yini. Ya fara tambaya yanzu, kaurin dutsen, launin ƙasar, ko mutanena na samun abinci. Wata rana har ya biyo ni ya leƙa ramin.

Ran kwana na goma sha huɗu dagin Nomau ya faɗa cikin taushi, dutse ya huje. Ƙarƙashinsa rairayi ne mai gudu, irin wanda in ka kwashe wasaki guda, sai biyu su zubo, dole kowane kamu sai an ɗaure shi kafin a ci gaba. Nan ne jeren itacen ya yi mana rana. Amma tabki bai jira mu ba, ran kwana na ashirin da ɗaya ya zama caɓi, washegari ko tsuntsu ba ya sauka. Matan ruga suka riƙa zuwa wani ƙauye mai nisa da jakuna, abin da suke kawowa mutane su sha, a ɗan jiƙa wa maruƙa baki. Manyan shanun suka kwanta a inuwa suna nishi.

La'asar ɗin kwana na ashirin da uku na iso rugar na tarar ana fiɗa. Saniya ta biyar ke nan da aka sa wa wuƙa don kada ta mutu mushe, kuma tun daga nesa na gane ƙahon. Ardo na zaune ya juya wa wurin baya. Na tsuguna, sai shi ya fara cewa, "Ina kunka kai?" Na ce danshi ya kai gwiwa, gobe in Allah ya yarda, in ya ƙi jibi. Ya gyaɗa kai. Kashegari kafin azahar ruwa ya ɓuɓɓugo a ƙarƙashin ƙafata, mai sanyi, mai daɗi, kwana guda kafin ranar da na sa. Sauran shanun duk suka tashi.

Na ɗauka tsakanina da Ardo Juli ta ƙare ke nan. Da kaka ta zagayo sai ga shi a ƙofar gidana da wasu dattawan Fulani biyu, surukansa, masu neman wanda zai haƙa musu rijiya. Bayan gaisuwa ya nuna ni da sanda ya ce musu, a gabana:

"Wanga shi ne. Saniya biyar na rasa a hannunai, har da wadda kunka sani."

Ɗayansu ya ce to don me ya kawo su wurina, masu haƙa sun ƙare ne?

"Don sauran na nan," in ji Ardo. "Ya zo har ruga ya kunyata kainai tun suna iya tahiya. Ku samo mani wani mai haƙa da zai yi haka."

Rijiya bakwai na haƙa wa zuriyar mutanen nan a shekarun da suka biyo, babu wadda na yi wa alkawarin da ban auna ba, babu kuma mai rijiyar da na bari ya kwana bai san inda aikinsa ya tsaya ba. Sunan da na yi a arewacin Dakoro daga nan ya fito, ba daga ƙarfin dantse ba, don akwai waɗanda suka fi ni sara nesa ba kusa ba. To ku masu cewa rami ne kawai, ramin kam za ku iya. Ni ma na iya shi tun ina saurayi, kuma ruwan Ardo na fito da shi kwana guda kafin lokaci. Amma jar saniyar nan kwana guda kacal ta rasa, ni kuwa ashirin na ɓatar ina cewa saura kaɗan.